Darasi na 14: Gaiwa, kifin da ke jiran damina cikin ƙasa

1. Mu yi tunani

Yara, kowannenku ya san wani tafki ko wata fadama kusa da garinsu. Da damina ruwa kan cika maƙil. Kwaɗi na kuka, masunta na jefa taru. Da rani kuwa sai ruwa ya ƙafe, laka ta bushe ta tsattsage, har awaki su riƙa kiwo a inda ake iyo watannin baya. To, ina kifayen suka tafi?

Wasu sun bi ruwa sun koma kogi tun kafin hanya ta yanke. Wasu an kama su an ci. Wasu tsuntsaye sun tsince su. Amma akwai wadda ba ta zuwa ko'ina. Tana nan ƙarƙashin busasshiyar laka da ranta, tana jiran ruwan sama. Sunanta gaiwa.

A wannan darasi za mu koyi yadda jikin gaiwa yake, da yadda take rayuwa. Za mu kwatanta ta da wani ƙaramin kifin teku da ake kiwo don ado. Daga nan za mu gane cewa jikin kowane kifi ya dace da mazauninsa, kuma in mazaunin ya lalace kifin ba ya rayuwa.

2. Mu je arewacin Gana

Akwai gaiwa a kogin Kwara da tafkin Cadi. Akwai ta a kogin Sanagal da na Gambiya. Akwai ta kuma a kogin Bolta da rassansa. Yau arewacin ƙasar Gana za mu je, mu gan ta a yankin garuruwa uku: Salaga da Yendi da Bawku.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan yanki. A zamanin da, fatake kan tashi daga Kano da Katsina da jakunansu, su tafi Gwanja sayen goro. Salaga ce babbar kasuwarsu, wasu ayarin kuma ta Yendi suke bi. Har yau ana jin Hausa a zangunan garuruwan nan uku.

Kowane ɗaya daga cikinsu yana da ruwa kusa da shi. Bawku tana can ƙuryar arewa maso gabas, kusa da iyakar Burkina Faso da Togo. Kogin Farin Bolta yana wucewa yamma da ita. A Burkina Faso ana kiran wannan kogi Nakambe. Yendi, garin da Ya Na sarkin Dagomba yake zaune, tana kusa da kogin Daka, kogin Oti kuma yana gabas da ita. Salaga tana arewa da tafkin Bolta. Wannan tafki mutane ne suka yi shi, da suka tare kogin a Akosombo a shekarar 1965. Faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 8,500.

Yanayin yankin ya yi kama da namu. Damina ɗaya ce a shekara, daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba. A watan Agusta da Satumba koguna kan cika su yi ambaliya, su malale fadamu. Bayan haka sai hunturu ya zo, rani ya biyo baya, fadamu su bushe ƙayau. A irin waɗannan fadamu da ƙananan tafkuna masu ciyawa gaiwa ta fi son zama.

3. Jikin gaiwa

Gaiwa doguwa ce, mulmulalliya, mai santsi. Wanda bai san ta ba zai iya zaton maciji ne. Babbar gaiwa kan kai tsawon mita 1, nauyinta ya kai kilo 4. Bayanta ruwan ƙasa ne mai ɗigo-ɗigon baƙi, cikinta ya fi haske. Wannan launi yana ɓoye ta cikin laka.

Idanunta ƙanana ne, ba ta gani sosai. Da sansana da taɓawa take neman abinci. Tana da ɓawo kamar sauran kifaye, amma nata ƙanana ne, sun nutse cikin fata. Jikinta duka yauƙi ne.

Ku dubi fikafikan karfasa: masu faɗi ne kamar mafici. Na gaiwa dabam suke. Guda huɗu ne, biyu gaba, biyu baya, sirara kamar igiya. Da su take lalube, da su kuma take jan jiki a ƙasan ruwa kamar mai tafiya da ƙafafu. In wani kifi ya gutsure mata fiffike ko wutsiya, sabo kan tsiro.

Haƙoranta ba tsinaye ba ne irin na tsage. Faffaɗa ne masu ƙarfi, na murƙushewa. Da su take fasa dodon koɗi. Tana cin kwaɗi da ƙwari da tsutsotsi da ƙananan kifaye, har da ƴaƴan ciyayi da saiwoyinsu. Ku yi hattara: gaiwa tana cizo mai zafi. Kada yaro ya sa yatsa kusa da bakinta.

4. Yadda gaiwa ke numfashi

Mutane da kifaye duka suna bukatar iskar oksijin. Mu muna samun ta daga iskar da muke shaƙa, ta shiga huhunmu. Kifi kuwa daga ruwa yake samun ta. In kun ɗaga murfin da ke gefen kan karfasa, za ku ga wasu jajayen abubuwa masu laushi kamar gashin tsuntsu. A wannan darasi za mu kira su matatan iska. Ruwa na shiga ta baki, ya bi ta kansu, su tace oksijin ɗin da ke cikinsa. Shi ya sa karfasa ke mutuwa in an fid da ita daga ruwa.

Gaiwa ma tana da matatan iska, amma nata ƙanana ne, ba sa isar ta. Maimakon haka tana da huhu guda biyu, dogaye, kwance cikin jikinta. Lokaci-lokaci takan taso saman ruwa, ta buɗe baki ta haɗiyi iska, ta koma ƙasa. In aka tsare babbar gaiwa cikin ruwa aka hana ta tasowa, sai ta mutu, kamar yadda mutum ke mutuwa in ya nutse.

Mene ne amfanin huhu ga kifi? Ruwan fadama ba shi da zurfi, rana na dafa shi, ganyaye na ruɓewa cikinsa. Irin wannan ruwa oksijin ɗinsa kaɗan ne. Sauran kifaye sai su galabaita, gaiwa kuwa ko a jikinta, tunda daga sama take ɗaukar iskarta.

5. Barcin rani

Idan kaka ta wuce, ruwa ya fara janyewa, sai gaiwa ta soma haƙa. Ba ta da hannu, da baki take aiki. Takan gatsi laka, ta fitar da ita ta kafofin da ke gefen kanta, tana nutsawa a hankali. Zurfin ramin yakan kai santimita 25, wani lokaci bai kai haka ba. Can ƙasa sai ta naɗe jikinta, kanta na duban sama, wutsiyarta ta rufe fuskarta.

Daga nan fatarta sai ta fitar da yauƙi mai yawa. Da laka ta bushe, yauƙin ma sai ya bushe, ya zama wata siririyar jaka da ta rufe ta ruf. Ƙofa ɗaya ce ke saura, daidai bakinta. Ta nan iska ke shiga, ta bi ramin da ta haƙa. Jakar nan ita ke hana ruwan jikinta ƙafewa.

Cikin jakar gaiwa ba ta ci, ba ta sha, ba ta motsi. Zuciyarta na bugawa a hankali, numfashinta ya ragu ƙwarai. Da me take rayuwa? Mutane kan ce gaiwa jikinta take ci. Masana sun bincika sun tarar maganar tana da tushe. Ba gatsar namanta take yi da haƙori ba. Tsokar jikinta ce ke narkewa kaɗan-kaɗan tana ciyar da ita. Shi ya sa takan fito a rame. Dattin da ya kamata ta fitar kuma jikinta kan mai da shi wani iri mara cutarwa sosai, ya ajiye shi har ruwa ya zo.

A daji wannan barci kan ɗauki wata 7 ko 8. A ɗakin bincike an taɓa ajiye gaiwa cikin jakarta fiye da shekara 3, aka zuba mata ruwa ta farfaɗo.

Ranar da ruwan sama ya jiƙa fadama, laka ta yi laushi, sai jakar ta jiƙe ta yage. Gaiwa ta fito, ta wanke dattin jikinta cikin ruwa, ta shiga neman abinci. Akan ba da labarin magina da suka yi tubali da ƙasar fadama ba su san da gaiwa ciki ba, sai da ruwa ya daki bango ta fito.

6. Uba mai tsaron gida

Da farkon damina gaiwa ke hayayyafa. Ana haƙa rami cikin laka tsakanin ciyayi, inda ruwa ba shi da zurfi. Macen takan zuba ƙwai ciki ta tafi abinta. Namijin ne ke zama tsaro. Yakan kaɗa wutsiyarsa don sabon ruwa mai iska ya riƙa ratsa ƙwan. Duk abin da ya matso kusa, sai ya kai masa cizo.

Bayan kamar kwana 8 sai ƙwai su ƙyanƙyashe. Ƴaƴan suna kama da talibambam, wato ɗan kwaɗo. Matatan iskarsu a waje suke, a gefen kai, kamar ƴan gashin tsuntsu. A ƙirjinsu akwai wani abu mai danƙo da suke manne wa bangon rami da shi. Uban na tsaron su har su yi ƙwari. Bayan kamar wata guda sai su fara tasowa shan iska. Dole su girma da sauri, don kafin rani ya zo kowace sai ta iya haƙa nata rami.

Kakanninmu sun san gaiwa tun da daɗewa. Masanan Turai kuwa sai a shekarar 1839 wani Bature ɗan Ingila, Richard Owen, ya bayyana musu ita, bayan an kai masa guda daga kogin Gambiya. A shekarar 1901 wani kuma, John Budgett, ya rubuta yadda take hayayyafa, bayan ya ga ramukanta a Gambiya da idonsa.

7. Kifaye cikin akwatin gilashi

A ƙasashe da yawa mutane na kiwon kifi cikin akwatin gilashi mai ruwa, don ado ko don koyo. A manyan birane ma akwai gidajen kallon kifi. Ana kai gaiwa irin waɗannan wurare saboda abin mamakin da ke jikinta.

Mai kiwon gaiwa dole ya san halinta. Zai bar fili tsakanin ruwa da murfi don ta sami iska. Zai rufe akwatin da kyau don kada ta fice. Zai ajiye ta ita kaɗai, saboda tana cizon sauran kifaye. Ruwan kuma ya kasance mai ɗumi. Tunda ruwan akwati ba ya ƙafewa, gaiwa ba ta barcin rani a cikinsa.

Kifaye masu huhu iri 6 ne suka rage a duniya: 4 a Afirka, 1 a Amurka ta Kudu, 1 a Ostareliya. Na Ostareliya huhunsa ɗaya ne, kuma ba ya iya zama cikin busasshiyar laka. An kai irinsa guda gidan kallon kifi na Shedd a birnin Shikago na Amurka a shekarar 1933. Bai mutu ba sai a 2017.

Amma kifayen da suka fi jan ido a akwatin gilashi na teku ne, waɗanda ke zaune a duwatsun murjani. Kun san murjani, jan dutsen ado na mata. Wasu ƙananan halittun teku ne ke yin sa. Suna da dangi da ke gina manyan duwatsu masu rassa da koguna a ƙarƙashin ruwa. Irin waɗannan duwatsu sai a teku mai ɗumi, mai tsabta, mara zurfi, kamar Bahar Maliya da gaɓar Kenya da ta Ostareliya.

Ɗaya daga cikin mazauna wurin shi ne kifin da Faransawa ke kira poisson-clown, wato kifi ɗan kama, saboda adon jikinsa. Wanda aka fi kiwo ruwan lemo ne da fararen zane uku. Tsawonsa bai cika wuce santimita 10 ba. Gidansa wata dabba ce mai kama da fure, mai hannuwa da yawa masu harbi kamar kunama. Duk ƙaramin kifin da ya taɓa ta sai ta harbe shi. Ɗan kama kuwa yauƙin jikinsa na kare shi, har cikin hannuwanta yake kwana. Ita tana tsare shi daga maƙiya, shi kuma yana korar kifayen da ke cin ta.

Mu kwatanta su. Yauƙi ne ke tsare gaiwa daga bushewa, yauƙi ne ke tsare ɗan kama daga harbi. A wajen gaiwa namiji ke tsaron ƙwai, a wajen ɗan kama ma yawancin aikin na namiji ne, kuma ƙwansa kan ƙyanƙyashe cikin kamar mako guda. Amma mazauninsu ya sha bamban. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kamar giram 35. In aka sa ɗan kama cikin kogin Daka, zai mutu don ba gishiri. In aka sa gaiwa cikin teku, gishiri zai kashe ta.

8. In gida ya lalace

Murjani ba ya jure zafin da ya wuce kima. A shekarar 1998 da ta 2016 ruwan teku ya yi zafi ƙwarai a wurare da yawa. Murjani mai yawa ya yi fari ya mutu, kifaye suka rasa maɓoya.

Gidan gaiwa ma yana da nasa haɗari. Da rani mutane kan bi fadama suna duba ƴan ƙananan ramuka, su haƙo ta da fartanya. Ba laifi ba ne, abinci ne a lokacin da kifi ya yi wuya. Amma in aka haƙe manya da ƙanana duka, wa zai zuba ƙwai da damina? Garmar tarakta kan farke jakarta in ana gyaran gonar shinkafa. Gaiwar da jakarta ta yage cikin rani sai ta bushe ta mutu. Wanda ya wanke tulun feshin maganin ƙwari cikin tafki, yakan kashe ƴaƴan kifi da kwaɗi da dodon koɗi gaba ɗaya. Akwai kuma masu zuba guba cikin ruwa don su kama kifi da yawa. Wannan yana cutar da mai cin kifin da mai shan ruwan. A shekarar 2002 ƙasar Gana ta yi dokar kamun kifi wadda ta hana su da guba ko da nakiya.

Ɗan makaranta ma yana da abin da zai iya yi. Kada ya tone ramin ƙwai da damina. In ya kama ƙaramar gaiwa ya mai da ita ruwa. Kada ya wanke kwalba ko tulun magani a tafki. In ya ga ana zuba guba a ruwa, ya gaya wa malaminsa, ko mai gari, ko Sarkin Ruwa.

9. Mu riƙe

Gaiwa kifi ce mai huhu biyu. Tana zaune a fadamu da tafkunan da ke ƙafewa.
Da rani takan shiga laka, ta rufe jikinta da jakar yauƙi, ta yi barci har damina.
Namijin gaiwa ne ke tsaron ƙwai da ƴaƴa.
Kifi ɗan kama yana zaune a duwatsun murjani, cikin ruwan gishiri mai ɗumi.
Jikin kowane kifi ya dace da mazauninsa. Mai son kifi ya tsare gidansa.

10. Kalmomi da Hausa da Faransanci

gaiwa: le protoptère
huhu: le poumon
matatan iska: les branchies
fiffiken kifi: la nageoire
ɓawon kifi: l'écaille
yauƙi: le mucus
jakar gaiwa: le cocon
barcin rani: l'estivation
mazauni: l'habitat
tafki: la mare
murjani: le corail
akwatin gilashi na kifi: l'aquarium

11. Tambayoyi

a) Wane kogi ne ke kusa da Yendi? Wanne ne ke yamma da Bawku?
b) Don me gaiwa ke tasowa saman ruwa?
c) Da me gaiwa ke haƙa raminta?
d) Mene ne amfanin jakar yauƙi?
e) Me ake nufi in an ce gaiwa jikinta take ci?
f) Kawo abu biyu da gaiwa da kifi ɗan kama suka yi kama da juna, da abu ɗaya da suka bambanta.
g) Kawo abu uku da ke lalata mazaunin gaiwa.

12. Lissafi

a) Shekara nawa kifin Ostareliya ya yi a gidan kallon kifi na Shikago?
b) Mai kiwon kifin teku yana da akwati mai cin lita 100. Giram nawa na gishiri ke cikin ruwansa? Kilo nawa ke nan?

13. Mu gwada

Ku sami tsumma biyu daidai da juna, ku jiƙa su. Ku sa ɗaya cikin leda, ku ɗaure bakinta, ku huda ƴar ƙaramar kafa guda. Ɗayan ku bar shi a fili. Ku ajiye su cikin rana da safe, ku duba kafin a tashi. Wanne ya bushe? Wanne ke da sauran laima? Wanne ya yi kama da gaiwa cikin jakarta? Ku rubuta abin da kuka gani cikin jimla uku.

14. Aikin gida

Ka tambayi wani masunci ko wani dattijo a unguwarku: a ina ake samun gaiwa a nan? Tana da yawa kamar da, ko ta ragu? Me ya sa? Ka rubuta amsarsa, ka kawo aji.

Ga malami: in kana iya samun karfasa ɗanya daga kasuwa, ka kawo ta aji don yara su ga matatan iska da idonsu kafin a karanta kashi na 4. A raba darasin zama biyu: kashi na 1 zuwa na 6 a rana ta farko, sauran a rana ta biyu. A nuna wa yara Salaga da Yendi da Bawku a taswirar Afirka ta Yamma. In an kawo gaiwa mai rai, a bar ta cikin bokiti da ruwa kaɗan, kada yara su taɓa ta, a mai da ita tafki bayan darasi.